In zuba atamfar Najeriya a lefe, ko dangin amarya za su yi mini dariya?

Tambaya: Baba Alhaji, bikina ya matso, ina cikin haɗa lefe. Na ƙudurta atamfofin da zan zuba su kasance na Najeriya, tunda kullum ana ta kira mu riƙa sayen kayan gida. Yayata ta ce in na kuskura, dangin amarya za su yi ta yi da mu har shekara ta zagayo. Shin na gidan yana da inganci kuwa? Kuma in na saya, akwai wanda zai amfana, ko dai zancen 'yan siyasa ne kawai?

Amsa: Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya. Ɗana, ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, don haka ka gyara zama.

Shekara goma sha shida na yi a wata masaƙa a Kakuri, can Kaduna ta Kudu, a sashen duba zane kafin a naɗe shi. Aikina shi ne in tsaya gaban wani tebur mai fitila a ƙarƙashi, zane yana wucewa ina kallo, in na ga tabo ko zaren da ya tsinke ko launin da ya goce in taka birki. Bayan an rufe masaƙar na koma Kantin Kwari, inda na haura shekara ashirin ina sayar da zanen da wasu suka saƙa. Kenan na ga abin ta ciki, na kuma gan shi ta kan kanta.

Kai ba ka riski Kakuri tana Kakuri ba. Idan jiniya ta kaɗa ta canjin ma'aikata, titi yakan cika da kekuna har mai mota ya haƙura ya tsaya. Masu tuwo, masu shayi, masu gyaran keke, masu ba da hayar ɗaki, kowa da masaƙa yake ci. Kaduna Textiles, wadda ake ce wa KTL, ita ta fara aiki a 1957, gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta kafa ta da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. Sai Nortex, sai Arewa Textiles ta Japanawa, sai UNTL ta mutanen Hong Kong a 1964, wadda ta zo ta fi su girma duka. Kano na da nata a Bompai da Sharaɗa da Challawa, Funtuwa da Gusau kowacce da tata. A shekarun 1980 masaƙun ƙasar nan sun haura ɗari, kuma in ka cire gwamnati babu mai ɗaukar ma'aikata kamarsu. Fatake daga Nijar da Kamaru da Chadi nan suke zuwa sari. Uwayenku da kakanninku atamfar Kaduna aka zuba musu a lefe, ba wanda ya yi musu dariya, kuma in ka bincika ƙasan adakar wata tsohuwa a gidanku za ka iya tarar da turmi ɗaya yana nan da launinsa.

Mutane suna son a ce Sinawa ne suka kashe mu. Sun ba da gudunmawa, amma a kwance suka tarar da mu. Ciwon daga gona ya fara. A 1986, lokacin tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida da ake kira SAP, aka rushe hukumar sayen auduga tare da sauran hukumomin amfanin gona. Kafin nan akwai mai raba iri, akwai malamin da ke tantance auduga a kasuwa ya ba ta daraja ta ɗaya ko ta biyu. Da aka rushe, kowa ya zama ɗan kasuwar kansa. Iri ya cakuɗe, duk da ƙoƙarin da cibiyar bincike ta Samaru ke yi na fitar da ingantattun iri. Wasu suka koyi yayyafa wa auduga ruwa ko zuba mata yashi don ta yi nauyi a sikeli. Abin da ya fi ba ni ciwon kai a teburina kuwa shi ne buhun leda. Da, a cikin zanen auduga ake ɗaure kaɗa. Da aka koma zuba ta a buhunan taki, sai zaren ledar ya riƙa tsinkewa yana shiga cikinta. Ido ba ya ganinsa, injin gurza ba ya cire shi, haka zai bi ta kaɗi ya bi ta saƙa. Sai an zo rini asirinsa ke tonuwa, domin leda ba ta shan launi. Ka ga zane shuɗi mai kyau, sai ga wani farin layi siriri ya ratsa shi kamar furfura. Ranar da na fi taka birki, na ware bandir fiye da talatin saboda wannan furfurar kaɗai.

Ga kuma wuta. Masaƙa ba ta son a ɗauke mata wuta ko na minti biyar, domin zaruruwa dubbai ne ke tsinkewa lokaci guda, zanen da ke cikin rini kuma ya lalace. Dole kowace masaƙa ta zama tashar lantarkin kanta. Tukunyar tururi kuma baƙin mai take sha, shi ma da matatar Kaduna ta fara tangal-tangal ya zama sai an bi layi. Wanda kuke gogayya da shi a Sin ba ya sayen janareto, ba ya haƙa rijiyar burtsatse, bankinsa kuma ba ya cin ruwa irin na namu. Ana cikin haka aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Ko da aka mayar da haramcin daga baya, hanya ta riga ta buɗe: kaya su sauka a Kwatano ko Lome, su hau ta Gaya zuwa Maraɗi ko Ƙonni, su shigo ta Jibiya ko Illela da daddare. KTL ta tsaya a 2002, Arewa ta bi bayanta, UNTL ta rufe ƙofa a 2007. Mu tamu, takarda muka tarar an manna a bakin ƙofa wata safiyar Litinin, an ce mu je gida za a neme mu. Wasu abokan aikina sun rasu suna jiran kuɗin sallamarsu. Allah ya jiƙansu.

Na kawo maka wannan ne don ka san cewa idan wani ya ce maka baƙin mutum bai iya abu mai kyau ba, bai san tarihin rigar da ke wuyan ubansa ba. Yanzu mu dawo kan akwatinka.

Abin da yayarka ba ta sani ba, ko ta sani ta ƙi faɗa, shi ne yawancin abin da ake kira Holland a lefen yau ko hanyar Holland bai sani ba. Ta gaskiyar kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond, kamfanin da ya faro tun 1846, kuma turmi ɗaya na Super yau ya fi albashin wata na ma'aikata da yawa. Akwai ta Kodebuwa, akwai ta Ghana, su ma masu kyau ne kuma da tsada. Sauran abin da ya cika Kwari daga bene zuwa ƙasa na Sin ne, hawa-hawa: akwai na auduga mai kyau ƙwarai wanda ba zan kushe shi ba, akwai matsakaici, akwai roba zalla wadda in mace ta ɗaura ta a zafin Afrilu kamar ta shiga buhu. Masu buga na jabu ba su bar kowa ba. Sabon zane zai fito yau, a ɗauki hotonsa a waya, kafin wata biyu kwafinsa ya sauka, har da tambari da lambar zane a geza. Namu ma sun kwafa. Na sha riƙe turmi da hannuna an rubuta "Made as Nigeria" a gezarsa, an sauya harafi biyu kacal, mai saye kuma ba ya lura. Ka ga kenan mutum zai iya fita da niyyar kishin ƙasa ya dawo gida da kayan birnin Guwanzu na Sin, ya kuma zagi masaƙar Najeriya idan ya koɗe.

Wata Hajiya ta taɓa zuwa shagona da 'yarta, suna haɗa lefen ɗanta. Na sauko mata da wata atamfa 'yar gida, ruwan ganye da ɗigon ruwan ƙwai. Ta shafa, ta kara a hannun yarinyar, ta ce kai wannan ta yi. Tana warwarewa idonta ya faɗa kan geza, ta ga sunan Najeriya. Sai ta sake ta kamar ta taɓa garwashi, ta ce, "Haba Alhaji, so kake a ce mun gaza?" Ta tsallaka shagon da ke kallona ta sayi wata mai tambarin zinariya da kuɗin da ya kusa ninka nawa. Na san dilar da aka ciro ta, tare muka yi sari. Ban ce komai ba, don ciniki ba a shiga na maƙwabci. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin hannunta ya gaya mata gaskiya, ta ƙi yarda da shi, ta yarda da takarda.

Don haka kafin ka tambayi daga ina zane ya fito, ka koyi gane shi. Ka juya bayansa. Atamfa ta ainihi, wadda aka yi da kaki, rini ne ke ratsa ta, shi ya sa ciki da baya kusan ɗaya suke. Wadda aka buga wa launi a fuska ɗaya kawai, bayanta fari-fari ne kamar an shafa gari. Ka murza gefe tsakanin yatsunka sosai: idan ya saki ya yi laɓa-laɓa, ka ga ƙura-ƙura a hannunka, sitaci ne aka cika masa don ya yi kauri, wanki ɗaya zai koma abin tatar koko. Ka ɗaga shi ka kalli haske ta cikinsa, saƙa mai kyau a matse take, idanunta daidai wa daida. Ka jiƙa farin hankici ka goga a wurin da ja ko baƙi ya fi yawa. Ɗan alama kaɗan ba komai ba ne, amma in hankicin ya rine, to zuba za ta yi. Babban alƙali kuwa ashana ce. Ka zare zare biyu ko uku daga bakin yankan, ɗaya ta tsaye ɗaya ta kwance, ka fita waje ka kunna musu. Auduga tana ci da sauri, ta yi ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi da za ka hure. Roba kuwa tana nannaɗewa ta guje wa wutar, ta yi warin leda, ta bar ɗan ƙululu baƙi mai tauri. Na ce ka fita waje fa. Kwari ta sha gobara, kada ka ja a yi maka rubdugu.

Duk ɗan kasuwar da ya hana ka waɗannan gwaje-gwajen, ka yi masa sallama.

To ta Najeriyar, yaya take in an gwada ta haka? Gaskiya masaƙun da suka rage 'yan ƙalilan ne, a Legas da Kano da Funtuwa, kuma ba duka ke buga atamfa ba, wasu zare suke yi, wasu zanen gado da yadin makaranta. Wadda ake bugawar, mafi yawa auduga ce tsantsa, tana shan gumi, tana jure wanki da sabulun wanki na gida, ba ta saurin yagewa a ɗinki. Inda take kasawa shi ne ado. Zanenta ba ya sauyawa da sauri, launukanta ba su kai na waje ƙyalli ba, wani lokaci kuma ka ga launi ya ɗan haura layinsa. A kuɗi ta fi ta Sin mai araha tsada, ta kuma yi ƙasa da Holland nesa ba kusa ba. Matsalarta kenan a kasuwa: talaka na ganin ta yi masa tsada, mai kuɗi na ganin ta yi masa arha. Amma ka yi lissafi irin na magidanci. A ce roba dubu shida ce, ta gida dubu goma. Kuɗin ɗinki ɗaya ne, tela ba ya rage maka don yadinka na banza ne. Robar ta yi wata huɗu ta koma tsumman goge ɗaki, ɗayar ta shekara biyu ana ɗaurawa, daga baya a yi zanen goyo da ita. Araha ba ta ado, kuma sau da yawa ba ta ma araha.

Ka tambaya ko akwai mai amfana. Akwai, sai dai ba yadda ake faɗa a rediyo ba. Turmi goma da za ka saya ba za su tayar da jiniyar Kakuri ba. Abin da ya kashe masaƙu wuta ce da auduga da iyaka, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke hannun mai haɗa lefe. Gwamnatoci sun gwada nasu: an ware Naira biliyan 100 ta Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu, a 2017 aka sa hannu kan umarnin cewa ma'aikatun gwamnati su fifita kayan gida, a 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dala a farashin gwamnati, a shekarar kuma aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa ƙarshen 2020, sannan a 2023 aka janye hanin dalar. Ni dai a shagona ban ga ranar da kayan Sin suka yanke ba, tsada kawai suka ƙara. Da kakin soja da na 'yan sanda da na masu yi wa ƙasa hidima da zanen gadon asibitoci duk a gida ake saƙa su ba fashi, da ya fi wa masaƙa amfani a kan wa'azin da ake yi wa mata. Ina jin haushi idan na ga babban mutum sanye da shadda Getzner ta Ostiriya, takalmi na Italiya, yana gaya wa mai albashin dubu saba'in ya yi kishin ƙasa.

Duk da haka kuɗinka yana da inda yake sauka, kuma kai ke zaɓa masa. Idan ka sayi turmin waje, abin da ke zama a ƙasar nan ribata ce, da ta dillali, da ladan ɗan dako. Sauran ya zama dala ya tafi. Idan na gida ne da audugar gida, manomi a Malumfashi ko Gusau ya samu, mai gurza ya samu, direba ya samu, masaƙi ya samu. Na ce da audugar gida, domin akwai masu shigo da farin yadi daga waje su buga masa launi a nan su kira shi na gida. Ba ƙarya suka yi ba, amma rabin gaskiya ce. Haka shaddar da marinan Kano ke rinawa: farar daga waje take, rini da bugu namu ne. Ni a wurina wannan ma abin saye ne, don hannun mutum biyar ko shida na nan ya taɓa ta. Na gida da na waje ba baƙi da fari ba ne yanzu, sai dai ka tambayi kashi nawa na kuɗin ya kwana a gida.

In da gaske kake son kuɗinka ya kwana a gida, to kada ka tsaya kan atamfa kaɗai, don a nan ne muka fi rauni. Lefe ba atamfa ba ce kawai. Takalmi da jaka na fata, ka je Ƙofar Wambai ko ka sa a yi maka. Fatar awakinmu ce majemun Kano ke gyarawa a kai Italiya da Sifaniya, ta dawo mana da sunan wani. Saƙi na hannu, wanda amare suka dawo da yayinsa a ranar kamu, ba shi da na waje da zai gwada masa. Rinin Ƙofar Mata, turaren wuta da humra na Maiduguri, man kaɗanya, lalle, sabulun salo, duk waɗannan ba mai raina su a cikin akwati, hasali ma su ake fara buɗewa a shinshina. Ɗinki da surfani kuwa dama namu ne. Kuma in ka tashi gyaran ɗakin da za a kawo ta, ka tambayi kowane mai haɗa wuta, zai ce maka wayar lantarki ta Najeriya ta fi yawancin na waje cikar tagulla. Katifa ma haka, siminti haka. A waɗannan ba alfarma kake yi wa kowa ba, kanka kake yi wa. Ka dai duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya, a jikin kaya, na shafawa da na ci kuma lambar NAFDAC. Shinkafar biki ma kada ka wahalar da kanka neman 'yar waje. Tun da manyan injinan Kano da Kebbi suka fara cire tsakuwa, sau da yawa abin da ke cikin buhu mai rubutun Tailan ɗin a nan aka noma shi, buhun kawai aka sauya don a ƙara maka kuɗi.

Saura maganar dariya. Kada ka raina ta. Lefe ba kai za ka buɗe shi ba, mata ne za su zauna a tsakar gida su ɗaga turmi ɗaya-ɗaya, wata tana ƙirga Super, wata tana duba geza, kuma yayarka ce za ta zauna a gabansu ta sha kallon, ba kai ba. Amarya kuma ba ta yi alkawarin ɗaukar nauyin masaƙun Najeriya a ranar aurenta ba. In ka mayar da akwatinta fagen nuna aƙidarka, ka fara zaman aure da bashi. Shawarata, gwargwadon ƙarfinka ka sa manya guda biyu ko uku na gaske, waɗanda ka saya a wurin wanda zai karɓa in an gano jabu ne, su zama na fita kunya. Na tsakiya, waɗanda za ta riƙa ɗaurawa yau da gobe, su ne mafi yawa a kowane lefe, a nan ka zuba ta gida mai kyau maimakon jabun Holland. Roba kuwa ko kyauta aka ba ka kada ta shiga. Mace mai hankali ta fi jin kunyar a gano jabu a akwatinta a kan a ga ta Najeriya ta gaskiya, domin ta farko tana nufin an yi niyyar rufe ta.

Kuma ka tambayi ita amaryar. Samarin yanzu kuna hira har tsakar dare a waya, amma ba kwa iya tambayar wace irin atamfa take so. Wataƙila ma ta fi ka son abin.

Ranar da za ku shigo kasuwa, ka zo da yayar taka, kada ka zo kai kaɗai. Ka sa a sauko muku da turmi uku, na gida da na Sin mai kyau da wanda ake ce wa Holland mai sauƙin kuɗi, a ninke gezar ciki yadda ba za ta ga rubutu ba, ka ce ta zaɓa da hannunta. Ku taho da farin hankici da kwalin ashana, kuma ku zo da safe kafin azahar, lokacin ana ganin launi da hasken rana, ba da fitilar shago ba.